Zoben Malam a Cikin Lemo

Abin da ya fara ɗaukar idona lemo ne, kore shar, yana juyawa a kan yatsun wani dattijo a bakin kasuwar Keffi. Ina zaune a kan keken ɗinkina, littafin soyayya a buɗe a cinyata a ƙarƙashin yadin da nake ɗinkawa, don a lokacin ba na iya wuni ban leƙa littafi ba. Na ɗaga kai in hutar da wuya, sai na hango shi: gajere, baƙi, sanye da tsohuwar kwat duk da zafin rana, mutane sun yi masa da'ira. Ya karɓi zoben wata mai sayar da doya, ya naɗe a hankici, ya ba ta ta riƙe, ya ce ta matsa ta ji ko yana nan. Ta ce yana nan. Ya fizge hankicin, wayam. Matar ta ɗora hannu a ka za ta fara kururuwa, sai ya ce wa wani mutum ya zaɓo lemo daga tiren mai talla, duk wanda ya ga dama. Ya yanka a gaban kowa. Zoben yana kwance a tsakiyar lemon, jiƙe sharkaf. Ni kuwa ban ankara ba sai da allura ta bi ta kan hannun rigar mutane ta haɗe shi da wuya.

Saboda ke nake rubuta wannan babin, Fa'iza, ke da ƙannenki. Ranar da kika dawo daga gidan biki kina kumbure-kumbure, kika ce wata tsohuwa ta ce da asiri babanku ya auri Ummanku, dariya na yi na ce ki rabu da ita. Daga baya na ga ba abin dariya ba ne. Masu faɗin haka suna nan da ransu, waɗanda suka ga abin da ya faru kuwa kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Saboda haka ga yadda aka yi.

Sunan dattijon Baba Bitrus, amma a kasuwa Farfesa ake ce masa. Mutumin wajen Garaku ne, Mada, Kirista, Hausarsa tana da ɗan karkacewa irin ta mutanensu. Da ƙuruciya ya yi wa wani mai wasan dabo ɗan ƙasar Indiya ɗaukar kaya a Legas, a can ya koyo sana'ar. Ba ni na je wurinsa ba, shi ya zo rumfata bayan 'yan kwanaki, ya tuɓe kwat ɗin ya ajiye a kan keke.

"Tela, kana iya ɗinka aljihun da ba a gani?"

"Baba, aljihun da ba a gani, me za a sa a ciki?"

"Ɗinki na kawo maka ko tambaya?"

Na ɗinka masa a cikin shafin kwat, ta yadda ko shi sai da ya laluba kafin ya samu. Ya duba ɗinkin, ya kama yatsuna ya jujjuya kamar mai taya akuya, ya ce hannun ba laifi, sai dai idon ne na mai mafarki. Ya ce ranar nan ya gan ni na saki baki har ƙuda na neman shiga. Na ce ina so ya koya mini. Ya ce shi ba ya koya wa kowa komai, amma idan ina da lokacin ɓatawa in riƙa zuwa ɗakinsa bayan azahar in zauna.

Yadda yake koyarwa ban taɓa ganin irinsa ba, ko a wurin maigidana da ya koya mini ɗinki. Ba ya faɗin komai da baki. Zai ɗauki kwabo ya sa a hannun hagu, ya hura, ya buɗe, babu. Ya sake. Ya sake kuma, a hankali, kamar mai tafiya cikin ruwa. Idan na ce don Allah ya gaya mini inda kwabon ya bi, sai ya ce idan ya faɗa kunnena ne ya koya, kuma ba da kunne zan tsaya gaban jama'a ba. Sai ranar da idona ya kama da kansa, na yi tsalle na ce, "Bai taɓa barin hannun dama ba!" sannan ya miƙo mini kwabon ya ce yanzu wannan dabarar tawa ce. Daga nan na shiga wata irin rayuwa. Da kwabo a maƙale a tafin hannu nake yanka yadi, da shi nake cin tuwo, da shi nake juya shafin littafi. Inna, wato mahaifiyata, ta zuba mini ido kwana da kwanaki.

"Isiya, hannun nan naka shanyewa yake yi? Zo in shafa maka man shanu."

"Lafiyarsa ƙalau, Inna."

"To buɗe shi mana, kana ta ƙudundune shi kamar ɗan jariri."

Bayan kwabo sai ƙwai, bayan ƙwai sai igiyar da ake yankawa ta koma ɗaya. Babban abin da na koya a ɗakin nan shi ne mutane ba hannunka suke kallo ba, inda idonka ya kalla nan suke kallo. Doka kuwa ɗaya ce tak a wurinsa, ya gaje ta daga maigidansa: sirrin dabara na wanda zai yi ta da hannunsa ne. Ranar da ya fita ya shiga bakin 'yan kallo, dabarar ta mutu, mai ita ba zai sake yin ta ba har abada. Ya ce ya ga maigidansa ya farfasa wani akwati mai tsada da guduma saboda wani ma'aikacin otal ya leƙa cikinsa ya ba da labari. A ƙarshen kowane wasa Baba Bitrus yakan ɗaga hannuwansa ya ce, "Jama'a, hannu ne, ba aljani ba!" Ba mai yarda. Mata kan biyo shi ɗaki a kan ya nemo musu sarƙar da aka sace ko ya juyo da hankalin miji, ya kore su, ya ce Musulma ta je wurin malaminta, Kirista ta je wurin fastonta. Zobe a cikin lemo kuwa, shi ne hanyar cin abincinsa. Saboda shi makarantu suke kiransa bikin ƙarshen shekara, tun daga Gitata har gaba da Garaku. Na kalli wasan nan ba adadi, ban kama ba.

A cikin wannan shekarar Ummanku ta shigo rumfata, ta kawo babbar rigar mahaifinta a gyara mata aljihu. Na karanta kwatancin 'yan mata a littattafai har na haddace, masu dara-daran idanu, masu wushirya, masu tafiya kamar ba sa son taka ƙasa, na ɗauka marubuta ne kawai suke ƙawata zance. Ranar na san ba su ma iya kwatance ba. Zuwaira ta tsaya a bakin rumfa da mayafi ruwan ƙasa, rana ta bayanta, ni kuwa duk kalaman da na tara na shekaru suka gudu suka bar ni. Da na rasa abin faɗa sai na ɗauki maɓalli, na sa a hannun hagu, na hura, na buɗe mata tafin hannu fayau, ina jiran ta yi salati.

"Yana hannun dama," in ji ta. "Yaushe zan dawo karɓar rigar?"

Abin da ya ci mini makonni, ta gan shi a kallo ɗaya. Daga ranar na san na kamu.

Kakanku Malam Habu na Tudun Ƙofa ya ba ni izinin zuwa zance bayan la'asar, a zaure. Komai yana tafiya daidai har ranar da na shirya abin da na ɗauka zai zama labarin da za mu riƙa ba jikoki. A littattafan da nake karantawa saurayi yakan zo da kyautar da ba a zata ba, ni kuwa na ce tawa sai ta fi ta kowa. Na girgiza hankici na nuna mata gaba da baya, na dunƙule shi, na zaro 'yar kwalbar turare daga ciki. Ban san Goggo Dije, yayar Malam, ta ɗago asabari da kofin ruwa a hannu ba. Kofin ya faɗi.

"Innalillahi! Zuwaira, kada ki taɓa! Tashi ki shige! Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne, yaron arnen nan mai aljanu ne!"

"Goggo, daga hannun rigarsa ya zaro, ina kallo."

"Ji ta! Har kare shi take yi. An gama da ke, 'yar nan, an gama da ke!"

Kada ku ga laifin Goggo da yawa, don lissafinta yana da kan gado. Kafin ni, wani ma'aikaci da ke aiki a Abuja, mai mota, mai gidan kansa, ya nemi Ummanku, ta ce ba ta so, Malam kuma bai matsa mata ba. To yarinyar da ta ƙi mai mota ta zaɓi tela mai rumfar kwano, in ba asiri ba mene ne? Kafin sallar Juma'a maganar ta zaga unguwa. Aka fara yi wa Zuwaira rubutu tana sha, aka hana ta fita, turaren kuwa Goggo ta tona rami a bayan gida ta binne. Masu kawo mini ɗinki suka ragu. Inna ta daina zuwa gidan suna saboda kallon da ake mata.

Malam ya aiko in zo. Na same shi a zaure da hantsi, littattafai a gefensa. Mutum ne mai magana a hankali, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Isiyaku, ni ban ce kai matsafi ne ba. Ban kuma ce ba kai ba ne. Abin da ban sani ba, ba na yanke masa hukunci."

Ya miƙa hannu kan taga ya ɗauko wani ɗan gwangwani, ya zazzage. Zoben azurfa ya faɗo a kan buzu. Ya ce na mahaifinsa ne. Shekarar da ta wuce, a makarantar firamaren da yake koyar da addini, hedimasta ya gayyato Farfesa, aka ce malamai su ba da zobe, ya ba da nasa don kada ya kunyata mai gayya. Lemon kuma daga aljihunsa ya fito, shi ya saye shi a hanya da safe. Aka yanka, ga zobe. Tun ranar bai sake sa shi ba, don bai san hannun wa ya bi kafin ya shiga lemon ba, kuma ba zai tsaya sallah da abin da yake shakka ba.

"Allah gafarta Malam, na rantse zan bar wasan nan daga yau."

"Barinka ba zai amsa tambayata ba. In sihiri ne, to ka riga ka taɓa shi, kuma ban san da me ka samu zuciyar 'yata ba. In ba sihiri ba ne, me ya sa za ka bari? Ka nuna mini yadda zoben nan ya shiga lemo, in gani da idona. Ranar nan zan sa muku rana."

Na fito daga zauren. Ni ban san yadda ake yi ba, wanda ya sani kuma ya fi son a yanke masa yatsa da ya faɗa. Kwanaki na yi ina saƙa irin abin da jaruman littafi suke yi: mu gudu Jos, ko in kwanta ciwo har a tausaya mini. Na samu wata ƙawar Zuwaira na aika mata da wasu kalamai masu zafi, har da cewa in babu ita kabari ne masaukina. Amsar da ta dawo gajeriya ce. Ta ce a gaya mini ita ba 'yar cikin littafi ba ce, ba inda za ta gudu, cikinta kuma ya gaji da rubutu, in je in roƙi tsohon.

Na same shi yana wanke ƙwai a ɗan kwano. Na durƙusa na zayyana masa komai. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Ka san abin da kake roƙo? Tuwona kake roƙo, yaro. Kwabo da ƙwai kowane ɗan tasha yana yi. Wannan ɗaya ce ta sa ake ce mini Farfesa."

"Na sani, Baba."

"Ka sani, kuma ka zo."

Ya ci gaba da wanke ƙwan da ya riga ya fita. Can ya tambaye ni ko yarinyar nan ce na ce ta kama maɓalli. Na ce ita ce. Ya ce a gani na nawa? Na ce na farko. Ya ajiye ƙwan, ya yi dariya har da tari.

"Kai da ka yi ta zuwa kana zare mini ido kamar mujiya! A'a, irin wannan ido ba a bari ya tafi Abuja. Je ka gaya wa Malam ina zuwa ranar Asabar. Amma ka gaya masa ba faɗa masa zan yi ba. In yana so ya sani, sai ya zauna a tabarma kamar kowane ɗalibi, ya kama da idonsa, ya yi da hannunsa."

Na gane dabararsa. In Malam ya zama ɗalibi, sirri bai fita waje ba, doka ba ta karye ba. Na yi ta murna a hanya, ina ganin an tsira ta kowane gefe.

Ranar Asabar da hantsi ya iso Tudun Ƙofa cikin kwat ɗinsa, ni ina biye da kwandon lemo. Ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure.

"Ranka ya daɗe, Malam. Na zo da makaranta."

"Maraba da Malam Bitrus. Yau kai ne malami, hau buzun, ni in sauka tabarma."

Malam kuwa ya sauka. Aka rufe ƙofar waje, ya yi bisimilla ya miƙa zoben. Baba Bitrus ya yi wasan kamar yadda yake yi a kasuwa, zobe ya fito daga lemo, Malam ya ce a sake. Ya sake a hankali. Malam ya gyara tabarau ya matso har gemunsa yana neman taɓa wuƙar, ya ce a sake. Zaure ya cika da ƙamshin lemo, yankakku suka taru a faranti, daga cikin gida muna jin Goggo tana gargaɗin kowa kada ya kuskura ya sha ko ɗigo. Tun da dabarar ta riga ta mutu, ba laifi in gaya muku. Sirrin hankicin ne Malam ya fara kamawa. Ya ce a ba shi ya taɓa, ya bi gefen da yatsa, ya ji wani ƙarfe a cikin kalmasa: wani zobe ne na banza aka ɗinke a kusurwa, shi mai riƙewa yake matsawa ya ce zobensa yana nan, alhali na gaskiyar ya daɗe a hannun mai wasa. Ni abin da ya ba ni haushi a lokacin ɗinkin ne, wani irin ɗinki mai kama da tafiyar kaguwa, ga tela yana zaune kullum a ɗakinsa. Saura yadda zoben yake shiga lemon. Nan aka daɗe. Rana ta take tsaka, gumi ya jiƙa wa Malam hula, ni ma ina ta zare ido ban ga komai ba. Sai Malam ya daina kallon lemon gaba ɗaya, ya koma kallon hannun da ba a kallo. Can ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Juyo mini da wuƙar nan."

Baba Bitrus ya juyo ta. Ga zoben a manne a bayan ruwan wuƙa, babban yatsa ya danne shi. Tare suke shiga lemon, wuƙa ta fito, zobe ya zauna. Ban taɓa ganin haƙoran kakanku duka ba sai ranar. Ya yi dariya har ya jingina da bango, yana ta faɗin, "Subhanallahi, ɗan Adam! Ashe tare suke shiga!" Sannan ya karɓi wuƙar. Zoben ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin buzu, ya sake, ya ɗan yanke yatsa, Baba Bitrus yana ta, "Malam, kada ka kalli hannun, kalli lemon, inda ka kalla nan za su kalla." Daga ƙarshe ya yi ta, a karkace dai, amma ya yi. Ya goge zoben da gefen rigarsa ya mayar a yatsa.

Ina shirin yin hamdala sai na ga fuskar Malam ta canja.

"Malam Bitrus, akwai magana. Isiyaku ya gaya mini dokarku, kuma ba zan yaudare ka ba. Ni ba zan iya riƙe wannan a cikina ba. An ci namanka a unguwar nan, an ci na yaron nan, ni ma da zuciyata na zarge ka. In na fita na ce na gani ba sihiri ba ne, amma ba zan faɗi yadda ake yi ba, cewa za su yi ni ma an gama da ni. Sai na nuna wa yayata, na nuna wa mutanen masallaci. In ba ka yarda ba, zan yi shiru, amma auren zai zauna da wannan tabon har 'ya'yansu."

Baba Bitrus ya dubi farantin lemon, ya dube ni, ya dubi asabarin da ke motsi kaɗan, don ya san Zuwaira ce take tsaye a bayansa. Ni na kasa haɗa ido da shi. Ya ɗauki hankicin ya ninke, ya ɗora wuƙar a kai, ya tura gaban Malam da hannu biyu.

"To ta mutu. Ka yi mata jana'iza mai kyau, Malam."

Ya ɗauki ɓarin lemo ɗaya ya tsotse, ya ce kada a yi asarar sauran, ya sa takalmi ya fita.

A yammacin nan Malam ya nuna wa Goggo Dije. Sai da ya maimaita mata, sannan ta ce to ai ita dama ta san ƙaryar banza ce, ta je ta tono turaren. Bayan la'asar ya nuna wa dattawan masallaci a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, da yatsansa a ɗaure da tsumma. Aka sa mana rana. Kafin kasuwa ta zagayo, ko'ina Baba Bitrus ya tsaya sai ka ji ana ihu, "Farfesa, juyo da wuƙar!" Bai sake taɓa lemo a gaban jama'a ba. Ya ci gaba da ƙwai da igiya, da'irar tana raguwa, makarantu suka daina aikowa. Ya zo ɗaurin aurenmu ya zauna a gefe cikin kwat ɗinsa, ya ci shinkafa, ya zaro wa Goggo goro daga bayan kunne, ta kai masa duka da mafici. Da damina ta faɗi ya tattara kayansa ya koma gona a wajen Garaku. Na raka shi tasha ina ta neman kalmar da zan faɗa, duk karatun littattafaina ban samo ba. Shi ya ce in koma rumfa, kada allura ta yi sanyi. Wannan shi ne asirin da aka yi wa Ummanku, Fa'iza. Wani ya ba da abincin bakinsa, ba wanda ya tilasta shi.

Nakan je gaishe shi lokaci-lokaci, amma zuwan ƙarshe nake so ku sani. A lokacin kakanku ya rasu, zoben ya dawo hannuna bisa wasiyyarsa. Na tarar Baba Bitrus ya tsufa tukuf, yana ta ɓare gyaɗa a inuwa, idanunsa sun yi fari, hannuwan nan da suka rikita kasuwar Keffi suna rawa. Bayan gidansa kuwa itatuwan lemo ne reras, shi ya dasa su tun shekarar da ya dawo. Surukarsa ta kawo mana sakwara, na cire zoben na ajiye a kan benci na wanke hannu. Muka ci, muka yi hira, ya tambayi mai ido, don haka yake kiran Ummanku. Da na tashi tafiya na duba benci, babu zobe. Na duba ƙasa, na laluba aljihu, kunya ta hana ni tambaya a gidan mutumin da ya yi mini abin da ya yi. Na haƙura a raina. Ya sa aka kawo kwandon lemo ya ce in zaɓi ɗaya. Na zaɓa. Ya karɓa da hannunsa mai rawa, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Na mai ido ne. Kada ka sha a hanya."

Na iso gida, na ba Ummanku saƙonta, ban ma gaya mata zoben mahaifinta ya ɓata ba. Ta ɗauko wuƙar da take yanka albasa ta raba lemon biyu. Wani abu ya faɗa cikin faranti, ƙwal. Muka tsaya muna kallonsa. Ba wuƙarsa, ba hankicinsa, shi kansa yana can Garaku. Ta ɗauki ɓawon ta jujjuya a hasken ƙofa, ta kai shi kusa da ido, sai na ga murmushi.

"Wannan ba waccan ba ce. Sabuwa ce."

"Kin gani?"

"Na gani."

"To gaya mini mana, Zuwaira."

"Ba a faɗa da baki," in ji ta, ta jefa ɓawon a murhu.

Na yi niyyar komawa in zauna gabansa a tabarma ya yi mini a hankali har in kama. Ɗinkin sallah ya riƙe ni, sai damina, sai wannan, sai wancan. Kafin lemo ya sake nuna, ɗansa ya zo rumfata da tsohuwar kwat ɗin a leda, ya ce Baba ya rasu cikin barcinsa, an binne shi a bayan gida kusa da itatuwansa, kafin rasuwarsa kuma ya ce a kawo wa tela. Na laluba aljihun da na ɗinka masa tun ina saurayi, ba komai a ciki. Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san yadda zoben nan ya shiga lemo na biyu, tana nan cikin gidan nan tana tankaɗen gari, kuma duk shekara in lemo ya shigo kasuwa nakan sayo in zauna ina jujjuya shi, ita kuwa ta wuce ta ce, "Malam Isiya, har yanzu?"